Yadda ake koyon Italiyanci da al'adun Italiya ta hanyar fim da adabi a jami'a

Tun da ɗalibanmu suka fara karkata zuwa jami'o'in Italiya saboda sauƙin kuɗin makaranta da tallafin karatu da yankunan ƙasar ke bayarwa, tambaya guda ce ke ta dawowa: ta ina zan kama harshen nan, kuma da gaske ne ana iya koyonsa ta kallon fim da karanta littattafan labari? Da gaske ne, kuma haka malaman can suke koyar da shi. Sai dai akwai tsari, wanda ya birkita shi kuwa zai iya share wata shida yana kallo, a ƙarshe ya kasa haɗa jimla uku a gaban malami.

Riƙe wannan tun yanzu: a Italiya yawancin jarrabawar fannin adabi da fim ta baka ce. Za ka zauna gaban malami, sau da yawa ga sauran ɗalibai a bayanka suna saurare, ya tambaye ka, ka amsa, nan take ya faɗa maka makinka. Ana ci daga 18, ƙarshen maki 30. Saboda haka kowane mataki a nan, kallo ne ko karatu, a bakinka zai ƙare. Na ɗauki jami'ar baƙi ta birnin Perugia (ana furta shi Peruja) a matsayin misali, domin aikinta ke nan tun shekarun 1920: koyar da 'yan wasu ƙasashe harshen Italiya da al'adunta. Tsarin zai yi maka aiki a Siena ko Bologna ko Napoli.

1. San matakin da kake nema

Turai ta kasa ƙwarewar harshe gida shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Idan digirin da kake so da Italiyanci ake koyar da shi, B2 ake nema daga ɗalibin da ya fito daga wajen Tarayyar Turai. Ko dai ka kawo takardar shaida, ko jami'ar ta gwada ka da kanta. Takardun da aka fi sani su ne CELI ta Perugia, da CILS ta jami'ar baƙi ta Siena, da PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri. A lissafin CELI, lamba ta 3 ce B2. A lissafin CILS kuwa lamba ta 2 ce.

Hattara: lambobin nan suna rikita mutane. Wanda ya biya kuɗin CELI 2 yana zaton B2 ce, B1 ya rubuta. Duba harafin, ba lambar ba.

Idan daga tushe za ka fara, ka ba kanka aƙalla shekara guda ta aiki kullum kafin B2. Mai Faransanci, irin 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, zai fi sauri ƙwarai, don harsunan biyu dangi ne, kalmomi da nahawu duk sun yi kama.

2. Takardu da kuɗi

Wannan ba shi ne zuciyar aikin ba, amma shi ke hana mutane isa aji. Ana fara rajistar share fage a shafin Universitaly, jami'a ta amince, sannan ka nemi bizar karatu nau'in D a ofishin jakadancin Italiya da ke ƙasarka. Digiri na farko yana buƙatar shaidar shekara 12 ta karatu, kuma za a nemi a tantance takardunka, ko ta ofishin jakadanci ko ta cibiyar CIMEA. Kuɗin bizar Yuro 50 ne. Akwai kuma shaidar abin da za ka ci da kanka, wadda adadin kuɗinta yake hawa, don haka ka duba sanarwar shekarar da za ka tafi.

Da saukarka kana da kwanakin aiki 8 ka nemi izinin zama. A gidan waya ake karɓar fom ɗin, cikin ambulan mai ratsin rawaya. Ka tanadi Yuro 16 na kan sarki, wanda ake saye a shagon masu sayar da taba, da 30 na aikawa, da 30.46 na katin, da 40 idan izinin bai wuce shekara ba. Shiga tsarin lafiya na gwamnati ga ɗalibi Yuro 700 ne tun 2024, kuma yana ƙarewa ranar 31 ga Disamba ko da a Oktoba ka biya. Wanda ya iso a kaka ya lissafa wannan da kyau kafin ya zaɓa tsakaninsa da inshorar kamfani. Izinin ɗalibi ya yarda da aikin awa 20 a mako.

Hattara: tallafin yanki, wanda a Perugia hukumar ADiSU ke bayarwa, yana buƙatar takardun samun kuɗin iyalinka, fassararru, tantantattu. Daga gida ake haɗo su. Wanda ya bari sai ya isa yakan rasa wa'adin.

3. Gyara baki kafin ka kunna fim

Mako huɗu zuwa shida na farko, ka bar fim tukuna. Ka ɗauki littafin koyo guda, irin Nuovo Espresso ko Nuovo Progetto Italiano, ka bi shi da sautinsa, ka mai da hankali kan furuci.

Bahaushe yana da rabo a nan fiye da Baturen Ingila. Wasulan rubutu biyar ne kamar namu, ana kuma karanta kalma kusan yadda aka rubuta ta. Baƙi mai ninki, wanda ke wahal da yawancin baƙi, mu mun saba da shi: yadda ka san baba daban babba daban, haka nono (na tara) da nonno (kaka namiji), ko sete (ƙishirwa) da sette (bakwai). Harafin c idan e ko i ya biyo shi daidai yake da namu na ci da cika, idan kuma aka sa masa h sai ya koma k. Suna yana da jinsi, namiji ko tamata, kuma mafi yawan masu ƙarewa da a mata ne, abin da kunnenmu ya riga ya sani.

Inda muke faɗuwa wuri biyu ne: p da f, sai v da b. Pare da fare kalmomi ne daban, haka vene da bene. Ka tsaya gaban madubi. Wajen p leɓɓa biyu su haɗu su fashe, wajen f da v haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Minti goma kullum. Idan ba ka gyara wannan yanzu ba zai bi ka har ɗakin jarrabawa, inda za ka yi ta faɗin sunayen marubuta irin Pavese da Pirandello da Verga.

4. Zaɓen fim na farko

Nan ne kuskure mafi girma yake. Ɗalibi zai tambayi wane ne fim ɗin Italiya mafi shahara, a faɗa masa, ya kunna, ya ji bai gane komai ba, ya yanke cewa kansa ne bai ja. Alhali ba Italiyanci ya ji ba, karin wani yanki ya ji. Italiya ba ta dunƙule ta zama ƙasa guda ba sai 1861, kuma har yau mutanen Napoli da Sisiliya da Venezia suna da harsunan gida da suka yi nisa da daidaitaccen harshen makaranta. Fim ɗin Gomorra na 2008, da aka nuna shi a sinimomin Italiya, sai da aka sa masa rubutun ƙasan allo domin Italiyawa kansu su fahimta. Shirin talabijin na L'amica geniale ma yawancinsa da harshen Napoli ne. Il postino yana da daɗi, amma jaruminsa Massimo Troisi yana haɗiye kalmomi irin na mutanen garinsu. Duk waɗannan ka ajiye su sai ka wuce B2.

Ga jerin da nake ganin ya fi dacewa. A matakin A2, fara da abin da ka riga ka san labarinsa: fim ɗin waje ko zanen yara da aka juya muryoyinsa zuwa Italiyanci. Italiya ƙasa ce da ke juya muryar kusan duk fim ɗin da ya shigo, masu wannan sana'a kuma horarru ne, furucinsu tas yake. Wasu na raina wannan mataki, suna ganin ba al'adar Italiya ba ce. Haka ne, amma kunne ake ginawa, kuma wata guda ya isa.

A B1 ka shiga na gida masu sauƙin harshe. Pane e tulipani na 2000 yana tafiya a hankali, maganarsa ta yau da kullum ce. Nuovo Cinema Paradiso na 1988 a Sisiliya labarinsa yake, amma yawancin hirar da daidaitaccen harshe ce. La vita è bella na 1997 yana da jimloli masu sauƙi, sai dai Roberto Benigni yana da sauri, dole ka rage gudun na'ura. Daga nan sai La meglio gioventù na 2003, mai tsawon awa 6, wanda ya bi iyali guda daga 1966 zuwa 2003. A cikinsa za ka ga ambaliyar Firenze, da tarzomar ɗalibai, da shekarun ta'addanci, da kisan alƙali Giovanni Falcone a 1992. In ka raba shi kashi goma sha biyu ka sami darasin tarihin zamani na zango guda. A farkonsa ma akwai fitowar jarrabawar baka har biyu, ka ga da idonka yadda ake zama da yadda malami ke tambaya.

Tsofaffin fina-finan bayan yaƙi, irin Roma città aperta na 1945 da Ladri di biciclette na 1948, ba makawa za ka haɗu da su a manhaja. Karin mutanen Roma ne a cikinsu, sautin kuma tsoho ne. Ka bar su zuwa ƙarshen B1.

Hattara: fina-finan Italiya da yawa suna ɗauke da tsiraici, da giya, da ashariya. Ka karanta taƙaitaccen bayanin fim kafin ka kunna shi, musamman idan da iyali a kusa. Kuma kada ka maimaita kalmar da ka ji an faɗa cikin fushi sai ka duba ta a ƙamus. Wasu zagi ne mai nauyi, wasu ma saɓo ne.

5. Yadda ake cin fitowa guda

Kayan aiki: kwamfuta ko waya, abin sauraro na kunne, manhajar VLC don rage gudu, littafin rubutu guda na fim kawai, da ƙamus. Ƙamus ɗin Treccani kyauta ne a intanet. Akwai kuma ƙamus na Hausa da Italiyanci da Farfesa Sergio Baldi ya wallafa a 2015, ƙarami ne amma yana taimakon mai farawa. Idan kana cikin Italiya, RaiPlay, shafin gidan talabijin na gwamnati, kyauta ne kuma cike yake da fina-finai masu rubutun ƙasan allo. Daga waje yawancinsu a kulle suke, sai ka nemi faifai ko ɗakin karatu.

Ka kalli fim ɗin gaba ɗaya sau ɗaya, da fassarar harshen da ka iya, don ka san labarin. Daga nan ka kashe wannan fassarar, kada ka sake kunna ta. Muddin tana allon, idonka zai karanta, kunnenka ya yi barci.

Sai ka zaɓi fitowa guda, minti biyu zuwa uku, inda mutum biyu ke hira. Zagaye na farko ba rubutu ko kaɗan, ka saurara, ka rubuta duk kalmar da ka kama, ko da biyar ce. Zagaye na biyu da rubutun Italiyanci, kana tsayawa a kowace jimla, kana duba abin da ya tsere maka. Zagaye na uku ka rage gudu zuwa 0.75, ka riƙa bin ɗan wasan da bakinka, da irin hawa da saukar muryarsa, kamar yadda yaro ke bin malam a makarantar allo. Zagaye na huɗu ka kashe sautin, ka zama kai ne muryar. A ƙarshe ka rufe komai, ka kunna rikodar wayarka, ka ba da labarin abin da ya faru cikin jimla biyar naka na kanka.

Wannan na ƙarshe shi ne mutane ke tsallakewa, shi ne kuwa jarrabawar.

Ɗauki misalin fitowar jinginar da kaya a Ladri di biciclette. Antonio ya sami aikin manna fastoci, amma sharaɗin aikin sai da keke, kekensa kuwa yana jingine. Matarsa Maria ta yaye zannuwan gadonsu, ta wanke, suka kai gidan jingina don su fanso keken. Hirar da ke wurin gajeriya ce: ƙirgen zannuwa, da ciniki, da roƙon a ɗan ƙara. A minti uku ka sami lambobi, da kuɗi, da yadda talaka ke yi wa ma'aikaci magana ta taga. Sannan kyamara ta bi ma'aikacin yana hawa kantoci masu tsawo har rufi, cike da ƙunshin zannuwan wasu iyalai. Ba wanda ya ce uffan game da talaucin Roma bayan yaƙi, amma ka gan shi. Idan malami ya tambaye ka mene ne neorealismo, wato salon fina-finan bayan yaƙi masu nuna rayuwar talaka yadda take, wannan kantar za ka kwatanta masa, ka ƙara da cewa wanda ya fito a matsayin Antonio ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba. Ya fi haddar ma'anar da ke cikin littafi.

Fitowa uku a mako ta isa. Kada ka kwashi kalmomi fiye da goma daga kowacce, kuma ka rubuta su cikin jimlarsu, da jinsin sunan a gaba. Masanin harshe Tullio De Mauro ya nuna cewa kalmomi kusan 2,000 ne ke ɗauke da mafi yawan abin da ake faɗa da rubutawa. Su kake farauta, ba baƙin kalmomi ba.

Hattara: rubutun ƙasan allo ba kullum yake bin baki kalma da kalma ba, ana taƙaita shi. A tsofaffin fina-finai kuma bayan ɗauka ake ɗora murya, don haka leɓe da sauti ba sa haɗuwa sosai. Idan ka ga saɓani, ba kunnenka ne ya lalace ba.

6. Littafi na farko

Ka fara da ƙananan littattafan da aka rubuta don masu koyo, waɗanda kamfanoni irin Alma Edizioni da Edilingua ke bugawa da alamar mataki a bango. Biyu ko uku sun wadatar. Daga nan Favole al telefono na Gianni Rodari, gajerun tatsuniyoyi ne, shafi ɗaya ko biyu kowacce. Sai Marcovaldo na Italo Calvino, labarai 20 na wani lebura mai iyali da ya rasa gane kan birni. A na farko ya hango laimar kwaɗi ta tsiro a gefen tashar taragu, ya yi ta ɓoye ta ga mai shara yana jiran ta nuna, ƙarshe duk wanda ya ci ya kwana a asibiti. Harshen ya ɗan fi na Rodari nauyi, amma kowane labari yana ƙarewa kafin ka gaji.

Abin da zai fara tare ka shi ne aikatau. A baki, musamman a arewacin Italiya da tsakiyarta, ana ba da labarin abin da ya wuce da sigar passato prossimo. Littattafai kuwa sun fi amfani da passato remoto, wadda siffarta kan canza har ka kasa gane tushen: fece daga fare, disse daga dire, fu daga essere. Ka ware shafi guda a littafinka, ka jera irin waɗannan guda talatin da suka fi yawo. Ba sai ka iya magana da su ba, ka dai gane su in ka gani.

Ka'idar karatu: shafi guda sau biyu. Na farko ba ƙamus, fensir kawai kana ja wa kalma layi. Na biyu ka duba waɗanda suka hana ka gane labarin, sauran ka bar su. Sakin layi ɗaya kullum ka karanta da ƙarfi. Idan kalmomin da ba ka sani ba sun haura goma sha biyar a shafi, littafin ya fi ƙarfinka a yanzu, sauka ƙasa.

Kuɗi: sabon littafi mai laushin bango yakan kama Yuro 10 zuwa 15, na hannu kusan rabin haka a shaguna irin Libraccio ko teburan kasuwa. Tsofaffin ayyukan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna nan kyauta a shafin Liber Liber. Dokar Italiya ba ta yarda a yi hoton fiye da kashi 15 cikin 100 na littafi ba, don haka kada ka dogara da mai fotokwafi.

Hattara: kada sunan Pinocchio ya ruɗe ka. Littafin yara ne, amma na 1883 ne, cike da tsofaffin kalmomin yankin Toscana.

7. Haɗa littafi da fim ɗinsa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane albarka, kuma a kansa darussa da yawa na jami'a suke ginuwa. Labari guda, ka same shi ta ido da ta kunne.

Mafi dacewa ga mai B1 shi ne Io non ho paura na Niccolò Ammaniti, littafin 2001, fim ɗin Gabriele Salvatores na 2003. Yaro ɗan shekara tara ne ke ba da labarin, a wani ƙauyen kudu cikin zafin 1978, inda ya tarar da wani yaro ɗaure a rami. Da yake bakin yaro ne, jimlolin gajeru ne, kuma da passato prossimo aka rubuta shi, wato irin maganar da kake ji a titi. Ka karanta babi, ka kalli abin da ya yi daidai da shi a fim, sannan ka amsa tambaya uku da baki: me darakta ya cire, me ya ƙara, me ya sa? Tambayar ta uku ita ce ke raba mai 24 da mai 30.

A B2 ka ɗauki Il giorno della civetta na Leonardo Sciascia, na 1961, da fim ɗinsa na 1968. An harbe ɗan kwangila yana shirin hawa motar safa a dandalin gari, kafin jami'ai su iso fasinjoji sun watse, babu wanda ya ga komai. Daga nan za ka fahimci shirun da ke kare 'yan mafiya, da tazarar da ke tsakanin arewa da kudu, don a Sisiliya abin ya faru, jami'in binciken kuwa ɗan Parma ne, can arewa. Il Gattopardo, littafin 1958 da fim ɗin Visconti na 1963, sai C1.

8. Littafin al'ada

A bayan littafin rubutunka ka buɗe sashe daban. Duk abin da ka ga mutane na yi wanda ba ka gane dalilinsa ba, rubuta shi ka kai wa malami: wa ke zama a kan tebur, yaushe ake cin taliya yaushe nama, me ya sa limamin coci ke da faɗa a ji a ƙauye, me alamar hannu kaza ke nufi. Fim ɗin C'è ancora domani na 2023 zai kai ka ga 2 ga Yuni 1946, ranar da Italiyawa suka zaɓi jamhuriya a kan sarauta, mata kuma suka jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa karo na farko.

Abu mafi muhimmanci da za ka lura da shi shi ne tu da Lei. Tu na aboki ne da yaro da ɗan gida, Lei na girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba ku. Ka sa ido a fim ka ga lokacin da mutum biyu suka sauya daga Lei zuwa tu, domin wani abu ya faru tsakaninsu ke nan. Malaminka Lei ne har ka gama. Ba a ce masa ciao, buongiorno professore ake cewa, ko professoressa idan mace ce.

Ka fita daga ɗaki kuma. Perugia tana da ƙananan sinimomi a tsohon gari, Bologna na nuna fim kyauta a babban dandalinta da rani. Ka nemi abokin musayar harshe. A jami'ar L'Orientale ta Napoli ana koyar da Hausa, akwai Italiyawan da ke neman wanda za su yi hira da shi. Kuma ka shirya: idan aka zo kan fina-finan ƙaura, irin Io capitano na 2023 wanda matasansa suka bi ta Agadas, kai za a juyo a kalla. Gara ka zo da abin faɗa da ka tsara. Marubuta 'yan asalin Afirka da ke rubutu da Italiyanci, irin Pap Khouma na Senegal da Igiaba Scego wadda iyayenta 'yan Somaliya ne, fage ne mai kyau na kundin kammala digiri.

9. Manzoni da Dante

Ba za ka kauce musu ba. I promessi sposi, littafin labari na marubuci Alessandro Manzoni, babi 38 ne, kowane ɗan sakandaren Italiya ya bi ta kansa, har sunayen mutanen ciki sun shiga maganar yau da kullum. Ka sayi bugun 'yan makaranta mai sharhi a ƙasan shafi. Doguwar waƙar mawaƙi Dante kuwa, wato Divina Commedia, kashi 100 ce cikin littafi uku, an rubuta ta a farkon ƙarni na 14, kuma manhaja kan zaɓi wasu ne kawai. Ka nemi bugun da ke da warwara da harshen yau a gefe, ka fara sauraron ƙwararren mai karantawa kafin ka buɗe. Wanda ya tashi da rubutattun waƙoƙin wa'azi masu siffanta wuta da aljanna, ya kuma san ma'auni da amsa-amo, ba zai ji baƙunta sosai ba.

Hattara, kuma da gaske nake: a kashi na 28 na littafin farko, wato Inferno, akwai baitocin da suka ci zarafin Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Ali. Gara ka sani tun daga gida da ka ci karo da su a tsakiyar aji. Ka duba manhaja a makon farko. Idan kashin yana ciki, ka je wurin malami a lokacin ganawarsa da ɗalibai, wanda ake kira ricevimento, ka yi masa bayani cikin natsuwa, ka nemi a musanya maka da wani.

10. Shirin jarrabawar baka

Ka sauke programma na darasin tun ranar farko. Jerin littattafai da fina-finan da za a tambaye ka ne, kuma sau da yawa na masu halartar aji daban, na marasa halarta daban, na biyun ya fi yawa. Kowane makin darasi, wato CFU, awa 25 ne na aiki, don haka darasi mai 6 awa 150 yake nema. Lissafa ka raba a makonni.

Ga kowane littafi ko fim ka haɗa kati guda: shekara, marubuci ko darakta, labarin cikin jimla biyar, jigo biyu, fitowa ko sakin layi guda da za ka iya warwarewa dalla-dalla, da alaƙarsa da wani aiki a manhajar. Saura mako uku, ka fara faɗin katunan da ƙarfi, minti uku kowanne, kana ɗauka a waya kana saurare. Ka sami abokin da zai riƙa katse ka da tambaya a tsakiya, domin malamai haka suke yi. Ka tanadi batu guda da ka fi iyawa, don wasu kan buɗe da cewa ka fara da abin da ka ga dama.

Ranar jarrabawa ana kiranta appello, kuma sai ka yi rajista a shafin jami'a kafin wa'adi ya rufe. Zaman jarrabawa yakan faɗo a Janairu da Fabrairu, da Yuni da Yuli, sai Satumba. Tun da a buɗe ake yi, ka halarci zaman farko a matsayin mai kallo, ka rubuta tambayoyin da malamin ke maimaitawa, ka shiga na biyu. Ka zo da katin shaida da littattafan kansu, masu alamar fensirinka, don ana iya buɗe shafi a ce ka karanta ka yi sharhi. Idan ba ka ji tambaya ba, ka ce può ripetere, per favore, kada ka amsa abin da ba a tambaye ka ba. Idan makin da aka ba ka bai gamshe ka ba, a yawancin jami'o'i kana da damar ƙin karɓa ka dawo wani zaman. Sai dai mai tallafin yanki ya fara duba yawan CFU da ake buƙatar ya tara kafin 10 ga Agusta, don ƙin karɓar 23 a watan Yuli na iya jawo asarar tallafin shekara mai zuwa.